Futurama bayan shekara ashirin da ɗoriya: wace dariya ce ke jure zamani?

A ranar 28 ga Maris 1999 tashar Fox ta Amurka ta fara nuna wani katun mai suna Futurama, wanda Matt Groening, mai The Simpsons, ya ƙirƙira tare da David X. Cohen. Labarin wani matashi ne ɗan aike mai suna Fry, wanda ke kai wa mutane abincin pizza gida-gida a birnin New York. A daren 31 ga Disamba 1999 ya faɗa cikin wata na'urar daskarar da mutum, bai farka ba sai bayan shekara 1000. Ya buɗe ido ya tarar da duniyar da jiragen sama jannati suka zama motocin dako, mutum-mutumi na shan giya yana yanke wa mutane aljihu, kawunan shahararrun mutanen zamaninmu kuwa an adana su da ransu a cikin kwalabe, suna magana, suna gardama, wasu ma har suna neman mulki.

Fox ta dakatar da shirin a 2003 bayan kashi 72. Maimaicinsa da aka riƙa yi da daddare a tashar Adult Swim ya tara masa sababbin masoya, aka fitar da dogayen finafinai huɗu a faifan DVD daga 2007 zuwa 2009, tashar Comedy Central ta ci gaba da shi daga 2010 zuwa 2013, sannan Hulu, kafar kallon shirye-shirye ta intanet, ta sake tayar da shi a Yulin 2023. Ke nan an rubuta shi a zamanin da intanet ke rarrafe, an rubuta shi a zamanin da waya ta shiga hannun kowa, an kuma rubuta shi bayan annobar korona. Duk mai son sanin ko irin waɗannan katun na zambo da almarar kimiyya suna jure tsufa, ga ma'auni nan a gabansa. Kafin in ci gaba, bari in yi wa iyaye tuni: wannan katun na manya ne. Ganin zane mai launi kada ya sa a sakar wa yara shi.

Ra'ayina shi ne suna jure tsufa ƙwarai, har sun fi yawancin wasannin barkwancin da mutane ke fitowa da jikinsu, amma da sharaɗi. Duk inda marubutan suka kama halin ɗan Adam ko tsarin da ke danne shi suka kai shi shekara ta 3000 suka hura shi ya kumbura, dariyar tana nan daram. Duk inda suka bar wannan suka bi kanun labaran makon da suke ciki, dariyar ta riga ta mutu, wani lokaci tun kafin a haska kashin.

Mu masu kallo daga nesa muna da wata dama wajen yanke wannan hukunci wadda Ba'amurke ba shi da ita. Wanda ya kalli Futurama a Kano ko Maraɗi bai tashi da sanin 'yan wasan talabijin na Amurka ba, bai san tallace-tallacensu ba, bai san rigingimun siyasarsu na cikin gida ba. Halin da jikan Ba'amurke zai tsinci kansa a ciki nan da shekara arba'in, mu tun ranar farko a cikinsa muke. Abin da ya ba mu dariya ba tare da an yi mana fashin baƙi ba, shi ne zai rayu. Abin da ya wuce ta kanmu, su ma wata rana zai wuce ta kan 'ya'yansu.

Ɗauki kashin shara na zangon farko, a 1999. An nuna cewa New York ta cika da bola har ta rasa inda za ta zuba, sai aka loda ta a jirgin ruwa, ya yi ta yawo a teku babu ƙasar da ta yarda ta karɓa. A ƙarshe, a shekarar 2052 ta cikin labarin, aka dunƙule sharar aka harba ta sararin samaniya, kowa ya koma harkarsa. Bayan kusan shekara dubu sai ga dunƙulen ya juyo zai faɗo wa birnin. Dabarar da suka yi ita ce tara wata sabuwar shara, su dunƙule, su harba ta ta ture ta farkon. Da Leela, matuƙiyar jirginsu mai ido ɗaya, ta tambaya ko wannan ta biyun ba za ta dawo ba, sai aka kashe bakinta da cewa wannan matsalar mutanen nan gaba ce. Tushen labarin abu ne da ya faru da gaske. A 1987 wani jirgin dako mai suna Mobro 4000 ya tashi daga jihar New York da shara sama da tan 3,000, aka hana shi saukewa a North Carolina, ya gangara har wajen Mexico da Belize ana kora shi, daga bisani ya dawo da kayansa aka ƙone a Brooklyn. Ba'amurken 1999 zai tuna da jirgin ya yi murmushi. Wanda bai taɓa jin labarin Mobro ba kuwa bai yi asarar komai ba, domin ya san hukumar da ke tura matsala gaba, ya san shugaban da ke cewa wanda zai gaje ni ya ji da ita. Marubutan sun ɗauko abin da ya faru a zamaninsu, suka sauke suna da kwanan wata, suka bar halin.

Haka kashin ɗumamar yanayi na 2002. Maganin da duniyar shekara ta 3000 ta samo wa zafin da ke ƙaruwa shi ne a riƙa yanko ƙaton ƙanƙara daga jikin tauraruwa mai wutsiya ta Halley ana jefawa a teku, kowane karo a ƙara girman ƙanƙarar, har ranar da aka je aka tarar ta ƙare. An yi babban taro a Kyoto, garin da aka ƙulla yarjejeniyar yanayi ta gaske a 1997, kan Al Gore, tsohon mataimakin shugaban Amurka, na jagoranta daga cikin kwalba, kuma shi da kansa ya yi muryar, 'yarsa Kristin na cikin marubutan shirin. Nan gaba za a samu masu kallon da ba su san wane ne Al Gore ba. Amma ƙanƙarar da ake jefawa a teku don kauce wa gyaran gaskiya, kowace shekara ƙara kaifi take yi. Na fi jin ta a zuciyata yau fiye da yadda mai kallon 2002 zai ji ta, saboda yau muna ganin ambaliya da zafi da idonmu, muna kuma ganin tarukan duniya ana watsewa da alkawari.

Wani da nake so ƙwarai shi ne na tallar cikin mafarki. Fry ya kwanta barci, sai aka cusa masa tallar ɗan kamfai a tsakiyar mafarkinsa. Ya tashi a fusace yana cewa a zamaninsa ba a yin haka. Da aka tambaye shi ko babu talla a zamanin nasa, sai ya hau lissafi: akwai a talabijin, a rediyo, a mujallu, a filin wasa, a jikin motocin haya, a jikin kwalin madara, a jikin riguna, amma ban da mafarki. Bai gama bambamin ba ya bi abokansa kanti don sayen kamfan. An rubuta wannan a 1999, shekara biyar kafin a kafa Facebook, shida kafin YouTube. Yau mutum zai nemi takalmi sau ɗaya a wayarsa, takalmin ya yi ta bin sa shafi-shafi har mako ya zagayo. Ba na cewa marubutan sun yi duba. Sun lura ne kawai cewa ɗan kasuwa ba ya ganin fili ya bar shi fayau, sai suka tambayi kansu wane fili ne ya rage.

A siyasa ma haka. A Disambar 1999 suka nuna zaɓen shugaban duniya inda 'yan takara biyu, Jack Johnson da John Jackson, kwafin mutum ɗaya ne, fuska ɗaya, murya ɗaya, suna ta da jijiyar wuya a kan bambancin da babu shi. Daga baya kan Richard Nixon ya shigo takarar ya ci da ƙuri'a ɗaya tak, su Fry da Leela kuwa sun manta ba su je rumfar zaɓe ba. Nixon ya sauka daga mulkin Amurka a 1974 saboda badaƙalar Watergate, ya mutu a 1994. Akwai habaici da yawa a bakinsa da sai wanda ya karanci tarihinsa zai gane, kuma waɗannan sun fara dusashewa. Sai dai marubutan sun yi wayo, sun mai da shi wani hali mai zaman kansa: tsohon ɗan siyasa mai riƙo, mai gurnani, wanda kunya ba ta hana shi dawowa. Wannan kowace ƙasa tana da nata. Shi ma ofishin gwamnatin da suka zana a 2000, mai layin da ba ya motsi, inda wani tsoho mai furfura ke tsaye yana jiran takardar haihuwarsa, ba ya bukatar tafinta ga duk wanda ya taɓa bin sawun fayil daga tebur zuwa tebur.

To, ina matsalar take? Kashi ɗaya na Yulin 2010 ya haɗa lafiya da cutar wuri guda, shi ya sa nake son a dube shi da kyau. Mako ɗaya bayan fitowar iPhone 4, Futurama ta kawo wayar da ake dasa wa mutum a cikin ido. An fara kashin da kwashe tsofaffin kayan lantarki ana kai wa wata matalauciyar duniya, inda yara ke tonon tarkace suna ƙona wayoyi don ciro ƙarfe, guba na kwarara a ƙasarsu. Wanda ya san unguwar Agbogbloshie ta Accra, inda aka daɗe ana ƙona irin wannan tarkace, kuma yawancin masu aikin matasa ne da suka gangaro daga arewacin Ghana, zai ji wannan a jikinsa. Daga nan aka nuna mutane sun yi dogon layi suna rububin sabuwar waya. Mai kamfanin, wata tsohuwa da ake kira Mom, wadda a gaban jama'a take fitowa da fuskar kaka mai tausayi, a bayan fage kuwa azzaluma ce mai mugun baki, tana zaune tana tattara duk abin da mutane ke wallafawa don ta san me za ta sayar musu. Fry da abokinsa Bender, mutum-mutumi, suka shiga gasar tara mabiya, har Fry ya tona asirin Leela a bidiyo saboda son yawan mabiya. Duk wannan yana nan da ransa, kai ka ce jiya aka rubuta.

Amma mene ne asirin Leela ɗin? Wani maruru ne a jikinta mai waƙa, wanda aka yi don tsokanar Susan Boyle, matar nan ta Scotland da ta ba duniya mamaki a gasar waƙa ta talabijin ɗin Birtaniya a Afrilun 2009. A lokacin ko'ina maganarta ake. Yau ka nuna wa ɗan shekara ashirin wannan wurin, zai ga maruru na waƙa ne kawai, ya rasa dalili. Kusan rabin kashin an jingina shi a kan wannan, kuma rabin nan ya ruɓe. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ko a lokacin ma cin fuska ne ga baiwar Allah da ba ta da iko a kan kowa. Zambon da ya nufi Mom, mai kuɗi da iko, ya rayu. Wanda ya nufi mace mai rauni don kamanninta ya mutu, kuma ya cancanci mutuwa.

Akwai dalili na sana'a da ke sa bin kanun labarai ya fi cutar da irin wannan katun. Kashi ɗaya na Futurama yana cin watanni masu yawa daga rubutu zuwa ɗaukar murya zuwa zane, wanda kamfanin Rough Draft ke yin kaso mai yawa nasa a Koriya ta Kudu. Masu katun ɗin South Park an san su da haɗa kashi cikin kwana shida, don haka suna iya cafke labari da ɗuminsa. Barkwancin labarin yau kamar ƙosai ne, da zafinsa ake cin sa, Futurama kuwa ba ta da hanyar kawo shi teburi kafin ya huce. Wannan ya fito fili a zangon 2023. Sun yi kashi a kan haƙar Bitcoin, kuɗin nan na intanet, a Agusta, alhali kuɗin ya kai ƙololuwarsa ta wancan zagaye tun Nuwambar 2021, FTX, babbar kasuwar irin waɗannan kuɗaɗe, kuma ta rushe tun Nuwambar 2022. Sun yi kashi a kan annoba da rigimar allurar rigakafi a Satumba, wata huɗu bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa na korona a Mayu. Mutane sun riga sun yi wa waɗannan abubuwa duk wata dariya da za a yi musu a wayoyinsu. Shirin da ke da shekara dubu na sarari a hannunsa ya koma yana haki a bayan labaran bara. Ina ƙaunar shirin nan, shi ya sa abin ya dame ni.

Masu kare irin waɗannan kashi suna cewa ai ko sun tsufa, sun zama madubin zamaninsu, jikoki za su kalla su san abin da ya dami kakanninsu. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai wannan amfanin ɗan tarihi ne, kuma an yi katun ɗin ne don mai kallo ya yi dariya.

Wasu kuma suna auna tsufan almarar kimiyya da ko hasashenta ya tabbata. Wannan ma'auni ne mara amfani, kuma The Jetsons shaida ne. Kamfanin katun na Hanna-Barbera ne ya fitar da shi a 1962, kashi 24 a zangon farko, labarin iyali a duniyar gobe. Sun nuna kiran waya ana ganin fuska, yau ga shi a hannun kowa. Sun nuna mota mai tashi, har yau shiru. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya ƙara wa shirin daraja ko ya rage. Abin da ya tsufa a cikinsa shi ne abin da marubutan ba su ma san sun rubuta ba. Sun iya hango gidaje a kan gajimare, amma suka kwashi zaman unguwar farar fata ta Amurkar 1962 ɗungurungum suka kai can: miji ya tafi ofis, mata ta fizge masa walat ta nufi kanti, baƙar fata kuwa babu ko ɗaya a sararin samaniyar tasu, a daidai shekarun da baƙaƙen Amurka ke kan titi suna neman 'yancinsu. Abin da ya rage da rai a shirin shi ne mijin, George, wanda aikinsa danna maɓalli ne na ɗan lokaci amma kullum yana kukan gajiya, da maigidansa mai tsawa da barazanar kora. Futurama ma ba ta tsira daga wannan ba. Akwai kashin da aka gina a kan raina mata wanda a farkon shekarun 2000 aka yi wa tafi, yau kuwa sai mutum ya kalla yana yamutsa fuska.

Rick and Morty, wanda Justin Roiland da Dan Harmon suka fara a Adult Swim a Disambar 2013, shi ne nake wa fargaba. Akwai basira a cikinsa, ba na musu. Amma jarinsa mafi girma shi ne girgiza mai kallo da kuma wa'azin cewa komai banza ne, babu abin da ke da ma'ana. Girgiza sau ɗaya take aiki. Ranar da ka sake kallo ka riga ka san inda za a daka maka tsawa. Abin da ke sa mutum ya koma wa shiri bayan shekara goma shi ne ya damu da mutanen ciki, kuma shirin da ke yawan yi wa mai kallo dariya don ya damu yana sare reshen da yake zaune a kai.

A nan ne Futurama ta yi wa sauran nisa. A Maris 2001 suka yi kashin da Fry ya gano cewa bayan ɓacewarsa an yi wani shahararren mutum mai sunansa sak, wanda ya fara taka duniyar Mars, yana kuma ɗauke da wani ganyen sa'a da Fry ya ɓoye tun yana yaro. Ya tabbata a ransa cewa yayansa Yancy, wanda suka tashi suna faɗa yana kwaikwayon duk abin da ya yi, shi ne ya sace masa ganye da suna da buri. Ya tafi maƙabarta a fusace don ya tone kabarin ya ƙwato kayansa. Da ya share gansakukar da ta rufe rubutun dutsen, sai ya ga ashe ɗan Yancy ne, wanda uban ya raɗa wa sunan ƙaninsa da ya ɓata, don kewarsa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake mayar da sunan mamaci ga jariri ya san nauyin wannan ba sai an faɗa masa ba. Babu shekarar da za ta zo wannan kashi ya daina aiki, kuma shi da irinsa ne ke ɗauke da sauran. Saboda mun yarda Fry mutum ne mai zuciya, sai mu yafe wa shirin barkwancin da ya huce mu wuce gaba.

Sai dai akwai kashin da ya sa nake taka-tsantsan wajen yi wa kowane irin zambo jana'iza da wuri. A Mayun 2001 suka yi tsokanar Napster, manhajar da matasa ke musayar waƙoƙi kyauta da ita, wadda kotu ta matsa wa lamba har ta rufe a Yulin shekarar. A labarin, wani kamfani ne ke tsare da kawunan taurari yana kwafar siffarsu da halinsu ba da izininsu ba, mutane na saukewa daga intanet suna ɗorawa a kan mutum-mutumi. Fry ya sauke 'yar fim Lucy Liu ya mai da ita budurwarsa, ya daina kula kowa. Har aka nuna masa wani fim ɗin gargaɗi game da saurayin da ya rungumi na'ura ya ƙyale yarinyar da ke ƙaunarsa a maƙwabta. Shekara goma bayan haka, wannan kashi ya zama abin misali na barkwancin da ya tsufa, don Napster ta zama tarihi. Sai ga ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta iso. Yau ana kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa a sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba, akwai kuma manhajojin da mutane ke hira da su dare da rana a matsayin masoya. Sunan Napster ya bushe ya faɗi, tambayar da ke ƙarƙashinsa, wato wa ya mallaki fuskar mutum da muryarsa, ta dawo da ƙarfin da ba ta da shi a 2001. A ranar 14 ga Yuli 2023 ƙungiyar 'yan wasan Hollywood ta shiga yajin aikin da ya kai har Nuwamba, kuma cikin manyan buƙatunsu akwai hana kamfanoni kwafar siffar ɗan wasa da na'ura ba da yardarsa ba. Kwana goma da fara yajin, Futurama ta dawo a Hulu da sababbin kashi, amma wanda ya fi dacewa da makon shi ne wancan na shekara 22 da suka wuce.